Ɗakin da Ya Hana Hajiya Babba Jin Muryar Malam

Tun da na dawo daga Malesiya ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shagona, kafin ma ya faɗi abin da ya kawo shi sai ya ce, "Habu, yaya ƙasar take?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura kowa ya tashi daga nan sai ya ƙara masa gishiri. Jiya na ji wai a majalisar bakin masallaci ana cewa gidan sarkin ƙasar aka kai ni na gyara masa talabijin. To, gara in zauna in faɗe shi sau ɗaya, wanda ya ji ya ji.

Da farko dai ba yawon buɗe ido na je ba. Kunya ce ta kai ni.

Sana'ata haɗa kayan sauti, a masallatai da ɗakunan taro da wuraren biki. Ubangidana Alhaji Mudi, wanda shi ya kama min shagona na farko, ya taɓa zuwa Kuala Lumpur ganin likita. A can aka zaga da shi wani gidan gwaji, irin wanda masu gina rukunin gidaje suke ƙawatawa don mai saye ya gani ya yi sha'awa. A ciki ya ga ɗakin kallo, wato 'yar ƙaramar silima a cikin gida. Ya dawo ya ce shi ma sai an yi masa, kuma ni zan yi.

Ba don kansa yake so ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Babba, ta tsufa, jinta ya ragu, jikin ma yau lafiya gobe sai a hankali. Akwai wani tsohon bidiyo na walimar auren Alhaji, inda mijinta marigayi Malam Sule ya yi wa ango nasiha. Shi kaɗai ne abin da ya rage a duniya mai ɗauke da muryarsa. An juye shi a waya, amma ko an manna mata a kunne ba ta tantance komai. Burin Alhaji ta gan shi, ta kuma ji shi.

Ni kuwa na zage. Tayil mai sheƙi a ƙasa, marmara a bango har sama, silin mai fitilu masu canja launi, ƙofar gilashi, sifika tara. Duk wanda ya leƙa sai ya ce tubarkalla. Ranar buɗewa aka kawo Hajiya aka zaunar, na kunna. Malam ya fito a bango ɓaro-ɓaro, bakinsa yana motsi, amma muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. Na ƙara sauti, abin ya ƙara dagulewa. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mudi, fuskar dai tasa ce. Amma wannan ba muryar Malam ba ce. Ku mayar da ni ɗakina."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abokan Alhaji suka ce a kira 'yan Legas su rushe komai. Shi kuwa ya kira ni gefe ya ce, "Ba ƙaninka Nasiru yana karatu a Malesiya ba? Je ka ga wanda na gani da idonka. In ka dawo ka gyara, shi ke nan. In ka kasa ka faɗa min gaskiya. Amma kada ka daɗe, ka dai ga jikin Hajiya."

Maiɗakina ta cika min jaka da tsarabar matar Nasiru: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, daddawa, da kilishi ƙunshi biyu. Daga Kano muka sauka Addis Ababa, muka yi zaman jira. A nan na haɗu da wani dattijo ɗan kasuwar Kantin Kwari mai zuwa Sin saro yadi. Da ya ji karon farkona ne sai ya ce, "Yaro, ka yi alwala yanzu, kuma kada ka yarda da agogonka. Rana a hanyar nan gudu take yi." Gaskiyarsa kuwa. Ina ganin ko barci ban fara ba na ɗaga labulen taga na ga gari ya waye tangaran. Na yi asuba a zaune ina neman gafara, don ban san ko a kan lokaci na yi ta ba.

A filin jirgin Kuala Lumpur matsalar farko yatsuna ne. Ana ɗora su a kan wani gilashi na'ura ta karanta, ni kuwa shekaru ina ƙona su da dalma wajen liƙa waya, zanen ya shafe. Jami'ar, wata mai ɗankwali har kafaɗa, tana ta cewa in sake. Na sake ya fi sau biyar, layi ya taru a bayana, gumi ya karyo min. Daga ƙarshe ta sa na goga yatsun a goshina, sannan na'urar ta yarda ni ne.

Sai wajen binciken kaya. Kilishi dai ko musu ba a yi ba, suka ce nama ba ya shiga sai da takarda, suka ajiye shi gefe ina kallo. Daddawa kuwa, jami'in ya kwance ledar, ya kai hanci, ya yi baya da sauri, ya ɗaure ta da kansa ya miƙo min da hannu biyu. A lokacin na ji nauyi. Amma bayan kwana biyu da Nasiru ya kai ni inda ake sayar da wani ɗan itace mai ƙaya da suke kira duriyan, na shaƙi warinsa tun daga tsallaken titi, sai na ce tabɗi! Mutanen da suke cin wannan har suna lashe yatsa su ne za su yamutsa wa daddawa fuska?

Nasiru da iyalinsa suna zaune a unguwar Setapak, hawa na goma sha bakwai. Daren farko ban yarda na matsa kusa da taga ba. Zafinsu ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, ka yi wanka ka fito kana tsane jiki kana sabon gumi. Kullum bayan azahar sai an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma ba wanda ya fasa abin da yake yi. Abin da ya fi ɗaure min kai takalma. Kowace ƙofa ka wuce ga su nan a jere a waje, masu kyau, kwana suke yi a nan. Na ce wa Nasiru, "A masallacin unguwarmu ma a hammata muke shiga da namu."

Da safe ya kai ni mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi. Mai shayinsu yana ɗaga kofi sama yana tsiyayowa daidai yadda namu suke yi, har na ji kamar in ce masa a sa ƙwai biyu. Ana ci da hannu, wannan ya yi min. Shinkafar ce dai ba sa gajiya da ita, da ita ake karyawa da ita ake kwana. Na nuna wani tire da ɗan ali ina tambayar mene ne, Nasiru ya kama hannuna ya sauke. "Yaya, a nan da babban yatsa ake nuni. Da wannan rashin ladabi ne."

Ranar zuwa gidan da Alhaji ya gani na fito da shaddata mai aiki, na ɗora babbar riga, na kafa hula. Nasiru ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaya, ba fa ɗaurin aure za mu ba."

Na ce, "Gidan manya za mu. Ni ba zan je a raina ni ba."

Ai kuwa ba a raina ni ba, abin ma wuce gona da iri ya yi. Tun daga ƙofa mai gadi ya ƙame. Wata ma'aikaciya mai suna Aina ta taho da sauri, ta sa hannu a ƙirji ta rusuna, aka ajiye min silifa masu laushi, aka kawo kofi a faranti. Sun ɗauka wani hamshaƙi ne ya zo sayen gida. Nasiru kuwa, ɗan banza, sai ya koma bayana yana riƙe min jaka yana ƙunshe dariya.

Gida dai ya haɗu, ba ƙarya. Amma ni mai taɓe-taɓe ne, ba na iya ganin abu ban gwada ba. Na murɗa famfon kicin, ba ruwa. Na buɗe firiji, wayam, ko a wuta ba a sa shi ba. Na zaro wani ƙaton littafi a kanta, ashe kwali ne, ba takarda ko ɗaya a ciki. Na raɗa wa Nasiru, "Kai, wannan gidan ai kyan ɗan maciji ne." Ya ce haka ake yi, duk na nuni ne.

Sai ga ɗakin kallon. Da shigata na ji wani abu da ban iya faɗa ba, kamar an toshe min kunne da auduga. Ɗakin duhu ne, bangon launin toka, ba abin da ke ƙyalli. A raina na ce, yanzu wannan ne ya burge Alhaji? Ai nawa ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. Na zauna a kujera, hannuna ya danna wani maɓalli ban sani ba, kujera ta kwantar da ni, ƙafafu sama, hula ta gangara ƙasa. Aina ta ɗauko ta kaɗe ta miƙo min, ko murmushi ba ta yi ba. Allah ya saka wa yarinyar nan.

Ta kunna wani fim. Mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa, ban san yaren ba, amma kowane harafi yana fita tsaf, har numfashinsu ina ji. Na tashi na nufi manyan sifikun da ke kusurwa in ga wane iri ne. Na kara kunne a ta farko, shiru. Na leƙa baya, ba waya. Na ɗaga ta, sai ga ta ta taso a hannu ɗaya. Fanko ce!

Aina ta ce wani abu da Turanci mai ƙarewa da "lah", yadda suke rufe magana a can. Nasiru ya ce, "Wai waɗannan na ado ne. Sautin daga waccan yake fitowa." Ya nuna wata siririyar sifika guda ɗaya a ƙarƙashin allon.

Na koma na zauna. Guda ɗaya, kuma irinta akwai a shagona. Ni na jera tara na gaske, Hajiya ba ta ji mijinta ba.

A nan na ga wasan ya isa. Na ce wa Nasiru ya gaya mata gaskiya, ni ba mai saye ba ne, ko tagar gidan nan ba zan iya saya ba. Ya ce, "Yaya, kallo ai kyauta ne." Na ce ya dai faɗa mata. Ya ba ta labarin duka, har da Hajiya da bidiyon. Na zaci za ta ɓata rai, an sha musu kofi a banza. Sai ta ce ita ma kakarta ba ta ji sosai. Ta karɓi lambar Nasiru, ba ta yi alkawarin komai ba.

Kwana huɗu muna zaga gidajen gwaji, wani a jirgin ƙasa wani a mota, ni da awo da ɗaukar hoto. Babbar rigar dai na ninke ta tun ranar farko. Na ga ɗaki mai taurari a silin. Na ga mai injin gugguru a ƙofa. Na ga wanda allon ya yi wa ɗakin girma, sai ka riƙa juya wuya kamar mai kallon ƙwallo. A wani gida wajen Sri Petaling kuwa na tarar da ɗan'uwan nawa: marmara, gilashi, fitilu, ga sifiku na gaske masu tsada. Aka kunna, sai ga muryar cikin rijiyar nan sak. Allah ya yafe min, daɗi na ji. Ashe masu kuɗin Malesiya ma ana yi musu irin aikina. Amma daɗin bai daɗe ba, don har lokacin ban gane me ya haɗa ɗakina da wannan, me ya raba su da na farko ba. Ga shi an bugo daga gida an ce Hajiya ta kwana biyu a asibiti an sallamo ta. Tafiyata saura kwana biyu, abinci ma ya daina yi min daɗi.

Ranar Juma'a bayan masallaci Aina ta kira. Ta ce mutumin da ya haɗa musu ɗakin yana aiki a wani sabon gini a Cheras, in muna so mu je.

Na zaci zan ga injiniya da kwat. Sai ga wani tsohon Basine da singileti da gajeren wando, fensir a bayan kunne. Kowa Ankul Tan yake ce masa. Na buɗe waya na nuna masa hotunan ɗakina, har da ɗan alfahari. Ya sa tabarau, ya duba, ya ƙara dubawa, sai ya fashe da dariya ya ce wani abu. Nasiru ya ƙi fassarawa. Na ce sai ya faɗa.

"Wai tambaya yake, banɗaki ne?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na haye teku don wani tsoho mai gajeren wando ya kira aikina banɗaki? Saura kaɗan in juya. Sai na tuna fuskar Hajiya, na haɗiye.

Ankul Tan ya ja hannuna zuwa wani ɗaki da ba a gama ba, siminti tsirara da tayil. Ya ce in tafa sau ɗaya. Na tafa, ƙarar ta yi ta kai da komo kafin ta mutu. Ya kai ni na kusa da shi, wanda ya gama. Na tafa. Tas, shi ke nan, ba abin da ya biyo baya. Ya ɗaga wani yadi a jikin bangon, sai ga firam na katako cike da wani abu mai kama da auduga. Ta bakin Nasiru ya ce murya in ta fito daga sifika ba kunne kaɗai take zuwa ba, tana dukan bango ta dawo. Bango mai tauri da santsi yana maido ta duka, ta iso a makare ta hau kan kalmar da ke biye. Mai ƙuruciya kunnensa yana iya tsince maganar a cikin hayaniyar, tsoho ba zai iya ba.

Na ce, "To sifika nawa zan ƙara?"

Ya kama kai. "Ragewa za ka yi, lah! Kunnen tsohuwa ba ƙara yake so ba. Magana yake so."

Na ce ai ba zan iya rufe bangon Alhaji duka ba. Ya ce ba sai duka ba. Ya shiga jakarsa ya ɗauko wani ɗan madubi mai tsagaggen gefe, irin na masu aski. Ya zaunar da ni a kujerar tsakiya, ya manna madubin a bangon gefe, ya riƙa jan sa a hankali. Ya ce in na hango sifika a ciki in yi magana. Can sai ga ta. Na ce, "Ga ta nan!" Ya yi alama da fensir. Nan ne, in ji shi, muryar take dukan bango ta zo kunnena, nan za a rufe. Haka za a yi ɗaya gefen, da silin, da ƙasa.

Ikon Allah. Shekara da shekaru ina wannan sana'a, duk hankalina a kan sifika da waya yake, ban taɓa tunanin ɗakin ma yana da baki a maganar ba. Sai na tuna ɗakin kakata na ƙasa a ƙauye, da tabarmi da labule da tulin kayan sawa a kan igiya, inda take ba mu tatsuniya da raɗa kuma ba kalmar da ke wuce mu.

Da za mu rabu na rasa me zan ba shi, kilishin da zan yi kyauta da shi yana can filin jirgi. Na cire hulata na ba shi. Ya kafa ta a karkace a kan singiletin, ya tura min madubin a aljihu.

Washegarin saukata Kano na wuce gidan Alhaji. Na ba shi labarin Ankul Tan da madubinsa, na ce za a shimfiɗa darduma mai kauri a kan tayil, a sa labule mai nauyi a ƙofar gilashi, a rufe wasu wurare a bango, a cire sifika shida.

Ya ce, "Habu, marmarar da aka ɗauko daga Italiya za ka rufe min da tsumma? Abin da ka je Malesiya ka koyo ke nan?"

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Na ce, "Alhaji, ko a ga marmara, ko a ji Malam. Zaɓi ɗaya."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ina madubin?"

Shi da kansa ya riƙe. Na zauna daidai inda keken da ake tura Hajiya a kai zai tsaya, na ɗan duƙa don in yi tsayinta, Alhaji Mudi guda yana bin bango da madubin aski yana cewa, "Ka gani? Yanzu fa?" Kafinta ya buga firam, muka cika da auduga, na je kasuwar Kurmi na sayo saƙi baƙi da shuɗi muka lulluɓe. Kwana biyar muka yi. Da aka gama na tsaya a tsakiya na tafa. Tas.

Bayan la'asar aka turo Hajiya. Ta rame fiye da yadda na bar ta. Ta dubi bangon ta ce, "Yau kuma zannuwa aka shanya?" Na kunna, ban ƙara sautin ba ko kaɗan.

Malam Sule ya fito da farin rawaninsa. Ya yi bisimilla, ya yi salati, ya ce, "Mudi, ka riƙe 'yar mutane amana." Na saci kallon Hajiya. Ba ta motsa ba, ban san ko tana ji ko ba ta ji ba. Malam ya ci gaba, ya kai tsakiyar wata magana, sai tari ya sarƙe shi. Ya yi sau biyu, ya dafe ƙirji.

Hajiya ta ɗan sunkuyo gaba, ta ce, "Sannu, Malam."

Alhaji ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska. Ni kuwa na lallaɓa na ɗaga labulen na fita neman takalmina.